Ranar da Na Zama Leburan Ƙanin Matata

Ko tsufa zai share min duk abin da na gani a Dubai, ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin da Nazifi, ƙanin matata uwa ɗaya uba ɗaya, ya nuna ni da baki a gaban ogarsa ya ce ni lebura ne da ya ɗauko haya ba. Yaron da ya ci tuwon gidana a Kurna tun yana share majina da hannun riga. Kuma a lokacin da yake faɗin haka wandona yana can ƙasa, a idon sawu. To bari in bi da ku a hankali, kada ku ɗauka taɓin hankali ne ya same ni.

Ni sana'ata kaya ce. Tun ina saurayi kura nake turawa a Kantin Kwari, daga nan na koma ɗaurin dila, har wani Alhaji ya ga ba na wasa da kayan mutane ya yi min hanya na zo nan. Yanzu ina wani kamfanin kago a Deira, mu ɗaure, mu auna, mu cika kwantena ta tafi Najeriya. Boko kuwa tun farkon sakandare muka raba gari (ni na sake shi ko shi ya sake ni, har yau ba a zauna shari'ar ba). Amma in dai maganar taya ce da abin da taya take ɗauka, ban ga wanda zan duƙa wa ba a duk faɗin Deira. Wannan kumbura kan ne ya kai ni ya baro.

Shi Nazifi a zaurena ya yi karatunsa, tun daga firamare har ya gama jami'a. Kwamfuta ya karanta, Allah ya ɗaga shi, ya samu aiki a nan cikin irin dogayen benayen nan na gilashi, ya kama falat shi kaɗai, ya ajiye gemu mai layi kamar da rula aka ja shi. Ni kuwa ina unguwar Muraƙƙabat, a ɗakin da in ka yi juyi da ƙarfi sai na gadon sama ya ce lafiya. Ban taɓa jin haushin wannan ba, Allah ne shaida. Kun san tsakanin mutum da ƙanin matarsa akwai wasa. Tun yana ƙarami “tsohon miji” yake ce min, ya ce Anti ta yi asarar ƙuruciyarta a hannuna, ni kuma in ce masa cima-zaune. A haka muke.

Wata rana ya kira ni a waya. Wai ya sayi wani ɗan kwale-kwalen roba na mutum ɗaya a hannun abokin aikinsa da zai bar ƙasar, shi yana ce masa kayak. Ofishinsu za su fita shan iska bakin teku wajen Mamzar, ogarsu kuma mayyar tuƙin abin ce, yana so ta gan shi a ciki. Matsalar ita ce daga inda ake ajiye mota zuwa bakin ruwa akwai tafiya, sai da 'yar kurar da ake ɗora kwale-kwalen a ja.

“Yaya, kai ne masanin taya,” in ji shi. “Ka zo mu je ka zaɓar min. Ranar ma tare za mu tafi, ka ga mutanen da nake aiki da su. In ka samo mana aron motar fikof ɗin kamfaninku shi ke nan, khalas.”

Kunnena bai tsaya kan maganar fikof ba. Abin da na ji kawai shi ne “ka ga mutanen da nake aiki da su”. Duk zaman da muka yi a garin nan bai taɓa haɗa ni da kowa nasa ba. Na ce a raina yau dai yaro ya tuna. Zai tsaya a gaban manyansa ya ce ga yayana, ga wanda ya riƙe ni. Iyakar abin da nake nema ke nan, ba na son ko lemo.

Muka je wani makeken kantin kayan wasanni, sanyin ciki kamar ɗakin ajiye gawa. Wani siririn yaro ɗan Filifin ya fito mana da kurayen. Akwai mai sanduna biyu da ake zura su cikin ramukan gindin kwale-kwalen, akwai mai kama da 'yar kujera da ake ɗora shi a kai a ɗaure da bel. Na ɗaga ɗaya da ɗan yatsa, ta taso. Na dubi Nazifi na ce da Hausa, “Wannan ai abin shanya tawul ne.” Yaron ya tambaya a ina za a ja ta, kan siminti ko cikin yashi. Nazifi ya ce yashi. Sai ya jawo wata mai tayoyi ɓul-ɓul, masu faɗi, launin toka. Na danna tayar da babban yatsa, ta lotsa kamar fanke.

“Ba iska,” na ce.

Yaron ya ce da gangan aka yi ta haka, laushin ne yake sa ta baje a kan yashi ba ta nutse ba. Ya ƙara da cewa in an isa ruwa ana cire tayoyin, a ninke ta, a cusa cikin kwale-kwalen a tafi da ita, ba sai an bar ta a baki ba.

Na yi dariyar da har wani mai gwada keke ya waiwayo. Duk wanda ya taɓa tura kura ya san dokar farko: taya mai laushi ita ke kashe ƙugu. A Kwari in tayarka ta yi sanyi ko almuru ba za ka kai ba. Na dafa kafaɗar yaron na ce, “Habibi, shekarun da na yi ina tura kaya sun girmi gemunka, in ma kana da shi.” (Ba shi da shi.) Na ja hannun Nazifi muka fito. Ya ce, “Duk yadda ka ce, tsohon miji.” Na lura bai yi gardama ba ko kaɗan da na ce ni zan ɗauki nauyin komai.

Na nufi Warsan wurin wani mai walda Bafakistane da muke kai wa gyaran ƙofar kwantena. Na zana masa abin da nake so a ƙasa da ƙusa. Ƙarfe mai kusurwa, na gaske. Tayoyin babur sirara guda biyu, aka ɗura musu iska har in ka ɗalle su da farce sai ka ji ƙau. Mariƙin bututun ruwa. Na shafe ta da koren fenti, a bayanta na rubuta da hannuna: Sannu Ba Ta Hana Zuwa. Mu biyu muka ɗaga ta muka sa a mota, kowa yana nishi. Mai waldar ya tambaye ni injin janareto zan riƙa ɗauka ne. Na ce jirgin ruwa. Ya dube ni da girmamawa.

A satin ne kuma wata Hajiya 'yar kasuwa ta iso daga Kano da saƙon mai ɗakina Hajara: dambun nama cike da roba, rabi nawa rabi na ƙaninta. Na ce ba zan taɓa ba, sai ranar, in buɗe a gaban mutanen Nazifi su san daga gidan da ya fito.

Ranar Asabar na yi wanka da asuba, na fito da shaddar Sallah ruwan madara mai sitati, doguwa har ƙasan gwiwa. Hula zanna, hirami a kafaɗa, takalmi sau-ciki da safa, turare kamar ango. Mazagin wandon ne kawai na ga ya ɗan sile a tsakiya, na ce zai kai yau. Shi kuma kwale-kwalen, da yake a wurina ya kwana cikin fikof ɗin da na aro, hannuna bai iya ganin kaya tsirara ba. Na naɗe shi da leda, na bi da buhu, na zagaye da salatif, saura kaɗan in rubuta KANO a jikinsa. Da muka isa wurin ajiye motoci Nazifi ya daɗe yana yanka da makullin mota yana tsaki ƙasa-ƙasa. Shi gajeren wando ne a jikinsa da tabarau. Da na duba, kowa ma gajeren wando ne, har masu furfura. Ni kaɗai ne kamar wanda ya zo ɗaurin aure ya ɓata hanya.

Amma fa a kan kwalta kurata ta nuna kanta. Na ɗora kwale-kwalen, na yi masa ɗaurin dila, na tura da hannu ɗaya, tana tafiya sul ba ko ƙara. Wasu Indiyawa suka tsaya suna ɗaukar ta hoto. Na ce, “Ka gani ko, cima-zaune?” Ya yi 'yar dariya yana waige-waige.

Sai kwalta ta ƙare.

Taku kaɗan muka yi cikin yashi tayoyin suka shige kamar wuƙa a kabewa. Na tura, suka ƙara shiga. Na zagaya na ja, suka ƙara. Na yi bisimilla na sa kafaɗa irin yadda muke yi a kwatar Kwari da damina, kura ta zauna daram har gindinta ya taɓa ƙasa. Gumi ya jiƙa shaddar, sitatin ya narke ya manne min a baya. Ina cikin wannan hali sai ga wata tsohuwar Baturiya, wadda in iska ta yi ƙarfi sai an riƙe ta, ta zo ta wuce mu tana jan nata kwale-kwalen da hannu ɗaya, ɗaya hannun da kofin shayi. Na kalli ƙasan nata. Tayoyin fanken nan ne, ɓul-ɓul, suna tafiya a kan yashi kamar agwagwa a ruwa. Ta karanta fuskata ta yi min murmushi. Na gode Allah da ba ta iya karanta abin da ke rubuce a bayan kurar ba, don ƙarshen karin maganar ne ya same ni: sai dai a daɗe ba a je ba.

“Yaya, don Allah bar shi haka,” in ji Nazifi, murya ƙasa. “Ana kallonmu. Bari in nemo masu aikin wurin.” Yana magana yana ja da baya, har ya zama tsakanina da shi mota za ta iya wucewa.

Nan zuciyar 'yan maza ta motsa. Ɗan Kwari ba ya barin kaya a hanya, ko na waye. Na cire hula na cusa a aljihu, na naɗe hiramina na yi gammo, na kwance ɗaurin, na durƙusa na ce ya Ƙawiyyu. Kwale-kwale ya hau kai. Wallahi ba shi da nauyin rabin dilar atamfa. Na miƙe na kama hanya, hannu biyu a sama, ƙirji a gaba, ina jin idanun mutane a kaina. A wannan ɗan lokacin ko sarkin garin bai kai ni jin kai ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne iska. Dila ba ta da tsawo, iska ba ta samun inda za ta kama. Wannan kuwa dogo ne kamar gawar raƙumi. Iskar teku ta bugi gabansa, ya juya da ni kamar fanka. Wutsiyarsa ta tafi da lemar wasu Larabawa, na juyo in ba da haƙuri, hancinsa ya ture musu tulun shayi. Na ware ƙafafu, na ɗaure ciki don in tsayar da shi. Sai na ji ɗas.

Duk namijin da ya taɓa sa wando mai mazagi ya san wannan ƙarar. Wandon bai ma yi min mutuncin faɗuwa lokaci ɗaya ba. A hankali ya riƙa sauka, kamar tutar da ake saukewa a ofishin 'yan sanda da yamma, har ya taru a kan takalmina. Hannuwana biyu suna sama. Ko in saki kayan mutane in kama wando, ko in bar wando in kai kaya. Ban taɓa yar da kaya ba tunda nake, ban ga dalilin da zan fara a gaban Turawa ba. Allah ya saka wa telan da ya yi rigar doguwa, al'aura dai a rufe take. Abin da duniya ta gani ƙwaurina ne, siriri kamar muciya, fari fat da rashin mai, da safa ɗaya mai huji. Haka na ci gaba, taku ɗan mitsitsi, kamar jakin da aka dabaibaye, wandon shadda yana share min hanya.

Mutanen ofishin Nazifi suna bakin ruwa. Dariya suka fara, ban ga laifinsu ba, ni ma da wani ne da na yi. Amma da suka ga ban tsaya ba, ban kuma saki ba, sai dariyar ta koma tafi. Wata doguwar mata mai hular kwano ta fito daga cikinsu tana tafawa da gaske, ita ce ogar. Ta dubi Nazifi fuskarta a sake ta ce wane ne wannan jarumin, tare kuke?

Ku lura, ba raini a muryarta. Yabo take. Ƙofa a buɗe take, kalma ɗaya kawai zai faɗa.

Ya gyara tabarau, ya turo baki wajena ya ce, “A'a, lebura ne daga Deira, irin masu kago ɗin nan. Tare da motar na ɗauko shi.”

Turancina na kasuwa ne, amma kalmar lebura ko kurma ya san ta. Kuma ɗan Turancin nan nawa ya isa in ce yayarsa ce matata, a zaurena ya girma. Maganar ta zo har bakina. Sai na tuna Hajara, yadda take cika baki da shi a gidan biki, ƙanina na Dubai, ƙanina na Dubai. In na tona shi a nan, ita na tona. Na sauke kwale-kwalen a bakin ruwa a hankali, ko ƙwarzane babu. Na sunkuya na jawo wandona, jiƙe da ruwan gishiri da yashi, na ƙulla guntayen mazagin. Na sa hulata. Na dubi matar na ce, “Yes, madam.” Ta sa aka miƙo min ruwan roba da wani burodi mai ganye a ciki, ta nuna min inuwar da direbobi suke zama.

Ban zauna ba, don mai gadin wurin ya riga ya tsaya a kan kurata yana magana a rediyonsa, wai a kawar da wannan ƙarfen daga hanya. Ita ba ta ninkuwa, ba ta shiga cikin kwale-kwale, ba ta san komai ba sai zama. Da hannu na tone ta, na ja ta da baya ina haki har kwalta, hannu ɗaya a mariƙi, ɗaya a ƙugu. Na loda ta, na shiga mota, na buɗe robar dambu na ci rabona. Na duba rabon Nazifi, na ga ai lebura da ci aka san shi, na ci gaba. Sauran na kawo wa mutanen ɗakinmu. Da yamma wayata ta yi ta ƙara, yana neman motar da za ta mayar da jirginsa gida. Ban ɗauka ba. Lebura in ya sauke kaya ai ya gama.

Hajara ba ta san wannan labari ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba. Kurar tana nan a Port Saeed ta nan Deira, a bakin jiragen katako, inda ƙasa siminti ce. Masu lodi har layi suke yi wajen aronta, firij biyu take ɗauka ba ta ce uffan ba. Ba ta da aibu, ni ne na kai ta inda ba nata ba. Yaron kantin nan, ƙasar da za a bi ya fara tambaya kafin ya zaɓi taya, ni kuma na tsaya ina ba shi labarin gemu. Yanzu ko baro zan saya sai na ce a ina za a tura shi.

Bayan 'yan makonni, ranar wata Juma'a mun dawo daga masallaci muna zaune kan faranti ɗaya ni da mutanen ɗaki, sai ga sallamarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana toshe mana hanci da turarensa.

“Tsohon miji, fushi ake da mu ne? Anti ta ce ta aiko min da dambu tun tuni.”

“Lebura ya cinye,” na ce.

Ya yi dariyar yaƙe. “Haba Yaya. Wai maganar nan ce? Ai wasa ne. Ni da kai fa akwai wasa, kowa ya sani.”

Mutanen ɗaki suka daina tauna. Na wanke hannu, na ce ya zo. Na fita da shi kan matakala na ja ƙofa, don ni ba na yi wa nawa wanka a kasuwa. Na tsaya dab da shi har ina ganin kaina a cikin tabaransa, na ce:

“Cire wannan abin ka dube ni. Wasan ƙanin mata a gaban wanda ya san wasa ne ake yin sa. A tsakar gidana ka kira ni tsoho, ka kira ni jaki ma, yayarka ta yi dariya, ni ma in yi. Matar nan ba ta san Kurna ba, ba ta san zaurena ba. Abin da ka gaya mata shi ta tafi da shi gida. Kuma leburancin ba zagi ba ne a wurina, da shi aka sayi tuwon da ya yi maka wannan wuyan. Abin da ya ƙona ni, tafi ake min fa, Nazifi, ba jifa ba, amma ka kasa cewa naka ne. Dambu babu, fikof babu, amma gidana gidanka ne saboda Hajara, ranar da ka ga dama ka zo ka ci. Abu ɗaya zan gaya maka ka tafi da shi. Mu biyu muka yi ɓari a bakin ruwan nan. Ni wandona ne ya faɗi, kowa ya gani, na sunkuya na ɗauka. Kai abin da ya faɗi maka, har yau ban ga ka sunkuya ba.”